Ramuka Uku a Bango

Ƙarfe biyun dare aka kawo wuta Kabala.
Fanka ta yi tari, ta soma juyi.
Na farka da iskarta a wuyana,
sai zuciyata ta tafi ɗakin yara.

Ramuka uku ne a gindin bango,
daidai tsayin Jazuli in ya rarrafa.
Jiya da la'asar na same shi a wurin,
cokalin shayi a hannunsa,
yana leƙe kamar mai neman gyare.
Ban yi ihu ba, ihu kan sa hannu ya zabura.
Na ce, zo ka ga kyanwa a taga.
Ya saki cokalin, ya taho yana dariya,
ni kuwa gwiwata rawa take har magariba.

Ga ni yanzu a ƙofarsu,
silifas a ƙafa, tocila a hannu.
Rumasa'u ta kwana da wayar babanta
a ƙarƙashin filo, tana caji.
Na taɓa, zafi kamar ƙosai daga kasko.
Na zare.
Igiyar fankarsu da ɓera ya ɗanɗana
tun bara muka naɗe ta da baƙar leda,
muna cewa gobe, gobe.
Goben nan ta shekara.
Ruwan Agusta kuma ya jiƙa bangon gabas,
danshi ya sauko, saura taki ɗaya ya kai soket.

Baƙuwa ce mai alheri, ban musa ba,
ta ba mu ruwan sanyi da karatun dare.
Amma ba ta san ɗan fari ba, ba ta san auta ba,
kuma ba ta gurnani kafin ta ciza.

Da safe zan kira Bitrus na Kakuri
ya ɗaga soket inda hannu bai kai ba,
ya sa masa murfi, ya sake igiya.
Kuɗin atamfar biki ne za su tafi.
Su tafi.

Kafin nan na kashe makunni,
na jawo akwatin kaya na tare ramukan,
na kawar da kofin ruwa daga gefen katifa.
Fanka ta tsaya. Zafi ya dawo, sauro ya biyo shi.
Na ɗauki mafici na zauna.

Can wajen asuba Jazuli ya juya,
ya miƙo hannu a cikin barci.
Na haska, na ƙirga yatsun.
Biyar.
Na sake ƙirgawa.