Abin da Ban Rubuta a Takardar Sayarwa Ba

Ka ce in faɗa maka komai, Fulvio, kafin ka ƙirga kuɗi.
To, ja kujera, ka yi hankali da gwangwanin mai.
Ƙirar tamanin da uku ne. Nan Mandello aka haife shi,
can gangare, inda dutse ya tsoma ƙafa cikin tafki.
Babana Ottavio ya saye shi da gumin shekara shida,
ya hawo da shi har ƙofar gida,
uwata ta yi kwana tara ba ta ce masa ci kanka ba.

Dubi injin.
Silinda biyu, kowace ta leƙo ta gefenta
kamar kunnuwan tukunya.
Ba ruwa a cikinsa, iska ce ke yi masa fifita.
Dubu ba hamsin da ɗaya, in ji takarda, girman cikinsa;
ni dai abin da na sani,
ranar da ƙanƙara ta rufe hanyar Lecco
a kan kunnuwan nan na gasa yatsuna,
ina 'yar shekara goma, hancina na zuba.

Kada ka nemi sarƙa, babu.
Sanda ce a ɓoye ke juya ƙafar baya,
ba ta fesa wa wando baƙin mai, ba ta kuka.
Baba kan ce, mai aikin gaske ba ya surutu.
Shi kuwa bakinsa bai taɓa hutawa ba.

Giya biyar.
Ka taka da yatsu, ka taka da diddige,
ƙafarka shimfiɗe kan faranti kamar mai jiran shayi.
Ta biyu tana da zuciya:
in ka yi mata gaggawa sai ta yi maka tsaki.
Birkin ƙafa kuwa mai kwaɗayi ne,
taku ɗaya, ya kama baya, ya kama rabin gaba.

Nauyinsa ya kai mutum uku ƙosassu.
Sau ɗaya ya faɗi, gaban shagon Ilde mai cuku,
sai da limamin coci ya naɗe hannun riga.
Ga tabon nan a tanki, ƙarƙashin fiffiken gaggafa.
Kada ka shafe shi da fenti.
Na rage maka kuɗinsa, amma ka bar shi.

Sirdin baƙi da fari, faffaɗa, ya ɗan lotsa ta hagu.
Ba lalacewa ba ce. Haka mutumin ke zama,
tun da ƙugunsa ya fara ba shi labarin damina.
Gilashin gaba ya yi hazo,
ƙahonnin sun buɗe kamar mai shirin rungumar baƙo.

Yanzu murɗa makulli.
A'a, ja cok tukuna, bai son a tashe shi da tsawa.
Ka ji?
Wannan tarin na farko, sai gurnani,
sai bugun nan mai ɗingishi, ɗaya na bin ɗaya.
Ɗan murza masa wuta.
Ka ji ya karkata dama, ya taɓa maka gwiwa?
Kowa na cewa juyin ƙarfen ciki ne.
Haka ne. Na sani.
Amma shekara huɗu ke nan ba wanda ya zungure ni haka.

Me ya sa zan sayar?
Wuƙar da ba a yanka da ita tsatsa ke cinye ta.
Ina shigowa duk Lahadi in goge shi, in rufe,
ga taya na tsagewa a tsaye,
ga mai na tsami a tanki.
Ni ƙafata ba ta kai ƙasa, ban gaji tsayinsa ba.

Ɗauki hular ma, kyauta.
Littafin nan mai zanen yatsu kaɗai zan riƙe,
inda ya rubuta ranar kowane canjin mai
da abin da ya ci a hanya.

In ka kai kwanar bakin tafki, sa ta uku, kada ka rage.
Tagata a buɗe take.
Ina so in ji shi har ya shige rami.