Kunama a Aljihu

A Gadarif, bayan la'asar,
da hayaniyar kasuwar riɗi ta lafa,
na zauna gaban Abdulbagi, lasisina a ninke cikin hula.
Ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera su uku
kamar mai tallan busasshen kifi.

Shekara ashirin ina awon riɗi.
Daga nishin ɗan dako nake sanin nauyin buhu.
Wannan awon kuwa ba shi da sikeli.

Ta fari baƙa ce, siririya, ba ta da sakata.
"Wannan ba ta jiran izini," in ji shi,
"kana taɓa kunama, ta yi magana."
Na mayar da ita da hannu biyu
yadda ake mayar da jaririn mutane.

Ta biyu libarba ce, tsohuwar hannu,
cikinta na juyawa kamar dutsen niƙa,
kunamarta da tauri, sai yatsa ya yi niyya
ya kuma sake yin niyya.
Amma nauyi! Ta rinjayi aljihun jallabiyata
har makaho a tashar Doka zai san me na ɗauko.

Ta uku na da sakata daidai babban yatsa,
in ka ture ta, jan ɗigo ya leƙo
kamar idon zakara, wai a farke nake.
Ga wata kuma a bayan mariƙi
da ba ta sakin jiki sai tafi ya matse ta.
"Ko daga kan lori ta faɗo ba ta tashi."
Na ce, wa ya gwada?
Ya yi dariya, ya ƙwala wa mai shayi kira.

Shi zancensa 'yan fashin hanyar Gallabat,
waɗanda suka tare Ɗan'azumi bara
suka raba shi da kuɗin kaka har da takalmi.
Ni ma su suka kawo ni.
Sai dai tun da na zauna
ba fuskarsu nake gani ba.

Mujtaba nake gani, ɗan shekara huɗu,
wanda ba ya bari in ƙarasa sallama
sai ya zura hannu aljihuna har gwiwa
yana laluben halawa.
Yatsun nan sun ɓalle gwangwanin madara,
sun kwance rediyon kakarsa,
sun gano inda Batula ke ɓoye ashana.
Wace sakata ce za ta gagare su?

Sai kuma ni.
Ran Talata na tada jijiyar wuya kan rabin kilo
har sai da mutum biyu suka riƙe ni.
Da a ce tana ƙuguna ran nan fa?
Na juya ta ciki da bai, na duba ko'ina,
maƙerin bai yi wa zuciyata tanadi ba.

Abdulbagi ya ce, "Mai jinkirin buɗewa
shi ake bari kwance a titi."
Na ce na ji.
Gara in makara da ƙiftawar ido
da in riga hankalina isa wurin.

Shayi ya huce.
Na nuna ta ukun. Na sa ya zare gidan harsashi,
ya ja ta baya, ya ce wayam take,
na leƙa da kaina, gani ya kori ji.
Na haɗa da kube mai rufe kunama ruf,
da akwatin ƙarfe, da kwaɗo.
Kuɗinsu ya tasam ma buhu guda, ban taya ba,
ni da nake ciniki a kan allura.

Da magariba na tsaya a ƙofar gida, akwati a hammata.
Na sake jan kwaɗon, na sake ja,
na rataya makullin a wuya, can cikin riga,
sanyinsa na taɓa ƙirjina.
Sannan na yi sallama.

Ya sheƙo a guje, ƙafa ba takalmi,
ya zura hannu har gwiwa.
Dabino biyu ya samu da tsohon rasit.
Ya cusa ɗaya a baki, ya ɗago kai:
"Baba, mene ne a cikin akwatin?"