Wankin Rigar Raga

Baba ya ce a fara da aljihu.
Daga kujerar gora yake ba da umarni,
hannun hagu kwance a cinya, wata bakwai bai motsa ba,
na dama ne ke nuni.
Na zazzage: rasit ɗin mai daga Magelang, duk ya koɗe,
tsabar kuɗi biyu,
da bawon alewar citta
wadda ya rantse wa likita ya bari.

"Ningrum, cire sulken."
Na zura hannu ta ciki,
na fiddo na kafaɗa, na gwiwar hannu, na gadon baya,
baƙar roba mai taurin kai,
na jera su bisa dakali.
Rigar ta saki jiki a hannuna.
Ashe ba ta kai girman da nake gani ba
in ya shigo da ita da magariba
yana warin kwalta da hayaƙi.

Raga ce, rabinta iska,
amma kowane ido nata ya riƙe rabonsa:
tokar dutsen Merapi ta bara,
ƙwarin gonakin shinkafa na hanyar Bantul
da suka yi karo da ƙirjinsa suka kwana nan,
fiffike guda, kore shar, ko karyewa bai yi ba.
A wuya kuwa gishirin gumi ya ja farin layi.

"Ruwan sanyi. Kada in ga tururi.
Sabulu kaɗan, irin wanda uwarki ke wanke zannuwanta.
Injin wankin Bu Painem? Ko kusa.
Shi ya cinye wa Darto zif."
Bakin ya karkace, magana na fita da ɗingishi,
amma ban ji ya rage ko harafi ba.

Na ja zif har wuya, na manne maɗaurai
kada su kama raga su yage,
na nutsa ta a baho.
Muka jira.
Mai sayar da miya ya wuce yana kaɗa cokali a kwano,
kaza ta leƙa ruwan ta koma.
Kafin ya shanye shayinsa
ruwa ya zama kalar kofi.

Tsohon buroshin haƙori na ɗauka,
ido bayan ido, a hankali,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
A gwiwar hannun hagu na tarar da tabo,
zaren ya goge, ya yi ƙyalli.
Na dage da cuɗa.
"Bar nan," in ji shi. "Ba dauɗa ba ce.
Kwanar Kaliurang ce, daren da aka haife ki.
Sauri nake."
Ban taɓa jin wannan ba.
Na ɗago, shi kuwa yana kallon kaza.

Ɗauraya ɗaya, biyu, uku,
ta huɗu ce ta fito da ruwa garau.
Na kama zan matse.
"Kada ki murɗe, ba wuyan zakara ba ne!"
Sai na shimfiɗa tawul, na naɗe ta ciki,
na danna da tafin hannu.

Ba a ba rana ita, rana na cin zare.
Ƙarƙashin mangwaro na rataye ta,
kafaɗu a buɗe, ba kowa ciki,
iska na shiga ta gaba tana fita ta baya,
ruwa na ɗiga kan ƙasa, ɗis, ɗis.

Babur na jingine a soro, na sa masa mai tun jiya.
Kaya goma sha ɗaya zan kai gobe,
na farko can bayan kasuwar tsuntsaye.

"In ta bushe ki mayar da sulken da kanki.
Na hagu daban, na dama daban, ki duba."
Ya yi shiru, ya auna ni da ido.
"Hannun zai yi miki tsawo.
Akwai maɗauri a wuyan hannu,
rami na uku."