Daren da Na Tsare Inji

Ba gayyata ta kawo ni ba, aiki ne:
gazuwal lita ashirin, da tsohon inji mai tari
a bayan zauren, inda bango ya tsage.
Ta tsagar nan na leƙa.

Mutum talatin da ɗoriya,
baƙaƙen kwat a zafin Damagaram, gumi har wuya.
Goge ƙanana, goge manya, har da wanda ya kai ni tsawo,
ƙahonin tagulla a nannaɗe kamar hanjin rago.
Wani dattijo ya ɗaga tsinke,
zaure ya haɗiye numfashi.
Kiɗan Amirka ne, aka ce, rubutacce,
kowa idonsa a kan takardarsa.

Sai ita, a gaban fiyano.
Fassuma, in ji mai gadi, 'yar Garin Malam,
karatu ne ya yi nisa da ita.
Hannun hagunta na taku daidai
kamar ɗan ga-ruwa da asuba.
Na daman kuwa mai ciniki ne a Kasuwar Dole:
ya taya, ya juya baya, ya yi kamar ya tafi,
sai ka fid da rai
ya dawo yana murmushi.
Mai gadi ya ce, shi ne jaz.
Na ce, mu ja-in-ja muke ce masa.

Ina nan baki buɗe, na manta da tanki.
Inji ya yi tari biyu.
Ɗif.

Gogen suka mutu ɗaya bayan ɗaya,
ba ido, ba karatu.
Ƙaho ya yi gyaran murya, ya ji kunya.
Ita kaɗai ba ta tsaya ba.
Cikin duhu ta ajiye abin da aka rubuta,
ta shiga wanda ba a rubuta ba,
ɗis, ɗis, ɗis,
kamar famfon unguwarmu in ya tuna da mu
bayan kwana tara,
sannan ya ɓalle gaba ɗaya
ba wanda ya tanadi bokiti.

Na zuba mai. Igiya na hannuna.
Allah Ya yafe mini:
sai da na ƙirga ɗari kafin na ja.

Haske ya dawo, tsinke ya tashi,
kowa ya koma layinsa.
Tafi kamar ruwan Agusta a kan kwano.
Ubangidana ya zaftare mini jaka biyu,
ban ce uffan ba.

Da na bi ta duwatsun Birni zan koma gida,
dare ya raba, karnuka ma sun gaji,
na ji ƙafata ta hagu na taku daidai,
ta dama kuwa
tana makara, da gangan.