Kwana Huɗu Zuwa Guri

Matso kusa, Cindo, ɗaga fitilar,
miƙo mini wancan karan dawa.
Tsakar gidan nan ta ishe mu takarda.
Nan Auyo. Wannan layi da na ja ɗoɗar
shi ne kanal, ruwan gwamnati,
wanda bai iya lanƙwasa ba balle gaisuwa.

Asabar za mu tashi, in rai ya kai,
da an sallame asuba,
kafin masu tumatir su tayar da injinansu
su zuƙe mana hanya.
Ruwan can iya gwiwa ne, kada ka cika jirgi.
Gero rabin buhu, ban ce ɗaya ba.
Ƙuli-ƙuli, gishiri, ashana cikin kwalba,
kwalta da tsumma saboda tsagar nan ta gindi,
ƙwaryar kwarfa biyu,
don ɗaya takan ga dama ta bi ruwa.

Wannan dutse da na aza ƙofar madatsa ce.
Makullin yana aljihun Malam Barau,
mutumin da tsawa ba ta buɗe shi.
In ya ce yau ranar masu shinkafa ce,
to, ta masu shinkafa ce.
Sai mu sauke kaya, mu saɓi jirgi a kafaɗa,
taku ɗari biyu, mu tsoma shi ta ƙasa.
Abin da ya goya ka shekara goma sha biyu
ba gori ba ne ka goya shi sau ɗaya.
Amma sa goro biyar a lissafi,
ko Barau zai tashi ta hannun dama.

Daga nan sai kogi, shi kuwa ba ya bin kara.
Lahadi mu kwana ƙarƙashin gadar Haɗejiya,
motoci na rugugi bisa kanmu
kamar hadarin da ba ya zuba.
Ka cika wayarka da wuta a can.
Gaba babu.

Litinin ce ke hana ni barci.
Kacala.
Mashigin da na sani bara waccan
ƙila bana ya haɗe baki kamar miki ya warke.
Lauje biyu, adda ɗaya.
Can filafili ba shi da magana, sai gora.
In ruwa ya rabu biyu kada ka dube ni,
jefa busasshen ganye ka ga inda ya nufa,
ko mu jira kirinjijiya ta tashi da yamma.
Sauro kuwa bar shi,
shi ya riga ya gama lissafinmu.

Talata, in ba mu ɓata ba, Guri.

Na ga bakinka na motsi tun ɗazu:
me ya hana mu mota, mu je mu dawo yini guda?
Jirgin ba nawa ba ne, yaro.
Na Mantau ne.
Shekarar da ambaliya ta cinye katangar nan
ya tuƙo shi da kansa, ya ce,
in ruwa ya janye ka kawo mini.
Ruwa ya janye, ya dawo, ya janye.
Ni ina cewa baɗi.
Watan jiya aka kai Mantau makwanci.
Ya bar ɗa, Jatau, yana su da gora a ƙirji.
Ba zan ɗaure jirgin ubansa bayan a-kori-kura
kamar akuyar kasuwa ba.
Ta ruwa ya zo, ta ruwa zai koma.

Tabawa, tsaya!
Shi ke nan, ta watsa ruwan wanke-wanke.
Dubi, Cindo, dubi yadda ya bi layin,
ya kewaye dutsen Barau ko sallama babu,
ya wuce gada, ya ratsa kacala,
ga shi can ya tsaya gindin turmi.
Ya riga mu isa.

Da me za mu dawo?
Wannan ban zana ba.
Kashe fitilar, mai na tsada.