Garejin Baba

Shekara tara rabon garejinmu da mota.
Tun ranar da Baba ya sayar da Fijo
ga wani mahauci mutumin Gidar,
ɗakin ya zama ramin kura:
abin da ya shiga, sai dai labari.

Ni kuwa na ci bashin firiza a kasuwar Garwa,
zan daskarar da zoɓo kafin zafin Maris,
ga shi ba inda zan jingina ta.
Na ce, ran Asabar za mu buɗe.
Baba ya ce, "Buɗe mana, Tasalla,
amma fa kada a taɓa komai."

Ƙofar langa-langa ta yi kukan akuya.
Ga tayoyi huɗu, sumul kamar tafin hannu,
ga keken Sallau, ba sarƙa ba sirdi,
fanka mai fiffike biyu,
buhun siminti ya gaji da jiran magini
ya zama dutse don kansa,
rediyo uku, dukansu bebaye.
Can ƙarƙashinsu, tukunyar bikin Inna,
wadda muka rantse Dada Habsatu ta ara ta hana,
shekara shida gaisuwa sai ta kan katanga.
Ga ta nan, gizo-gizo ya saƙa mata murfi.
Inna ta kalle ta, ta kama haɓa, ta shige ciki.

Na shimfiɗa tabarmi uku a gindin darbejiya:
ta ajiya, ta kyauta,
da ta Hamajoda mai sayen ƙarfe.
Duk abin da na kai ta uku,
in na juya baya sai ya yi ƙafa
ya koma ta fari.
"Wannan jak ɗin shi ya ɗaga mu a hanyar Figil,
daren da taya ta fashe, kina goye, ana ruwa."
"Baba, yanzu me za mu ɗaga?"
"Wa ya san gobe?"
Na bar masa.

Azahar ta same mu fururu, jiƙe sharkaf.
Kunama ta fito daga takalmin roba,
Sallau ya daka tsalle, ya taka gwangwanin fenti,
har yau sawunsa shuɗi yana nan bakin ƙofa.

Hamajoda ya iso da amalanke da sikeli,
ya auna shekarun Baba kilo-kilo,
ya ce jaka huɗu da rabi.
Baba bai taya ba, bai yi albarka ba,
ƙadangaren kan katanga kawai yake kallo.

Muka kafa ƙusoshi,
tsani da igiya da fartanya suka hau bango.
Katakon tsohon gado ya zama kanta,
noti da waya suka shige gwangwanin madara.
Sannan tsintsiya ta shiga.

Ƙarƙashin sharar, a tsakiyar daɓe,
ga baƙin tabon mai, faɗin faifai,
daidai inda cikin Fijo ke ɗiga kowane dare.
Na ɗebo toka, na ɗebo ruwa.
Baba ya riƙe mini hannu, bai ce uffan ba.
Na mayar da tokar murhu.

Yanzu firiza na gurnani a kusurwa,
in wuta ta ga dama.
Iskar Binuwai ta sami hanyar shiga da fita.
Jiya Inna ta cika tukunyar nan da dambu,
ta yafa gyale, ta tsallaka titi,
ba ta dawo ba sai bayan magariba.

Filin da na yi wa wahala kuwa,
Baba ya jawo kujerarsa ya dasa a ciki,
hagu da tabon, mazaunin direba,
jak a gefen ƙafarsa.
Shi ke karɓar kuɗin zoɓo hannun yara,
gwiwar hannunsa a waje,
sai ka ce har yanzu akwai taga.