Kasuwar Inuwa

Ƙarfe biyu na dare a Jidda,
zufa ba ta san rana ta faɗi ba.
Na goge jallabiya ta arba'in da uku,
fara fat, ta wani da ban san fuskarsa ba,
na rataye ta, na zare dutsen guga daga wuta,
na buɗe wayata mai tsagaggen gilashi,
na koma garin da ba ya cikin taswira.

A can da mudu ake auna inuwa.
Attajiri ya sayi ta kuka guda a kai masa gida,
talaka ya sayi ta tsinken tsintsiya
ya raba wa 'ya'yansa.
Zabba'u kuwa, ubanta ya jinginar da tata
a kan buhun gero ɗaya.
Shekara huɗu ke nan ina biye da ita
tana cigiyar wanda ya karɓi jinginar.
Sau uku na kashe mata raƙumi,
sau uku na tashe shi ina ba shi haƙuri,
don ban san yadda za ta ƙetare babi na sha tara a ƙasa ba.

Aka ce sai na nemi wakili,
dillalin da zai kai ni gaban masu ɗab'i,
tunda ko saniya ba ta sayar da kanta a kara.
Wasiƙa talatin da bakwai na aika.
Alƙahira, Bairut, har Landan,
wadda na ba Siddiƙu riyal hamsin ya juya mini.
Goma sha ɗaya suka amsa da baki guda:
mun gode, bai dace da mu ba.
Wata ta ce miyar ta ji gishiri,
sai dai ba ta san a wane kwano za a zuba ta ba.
Sauran shiru.
Shiru ma magana ce, na sani,
amma ba a gaya mini tana da nauyi haka ba.

Ranar Juma'a da aka sauko
na tare Malam Hudu, takalmana a hannu.
Na ce, Malam, wanda ya ƙaga gari da mutanensa,
ya cusa musu magana a baki,
yana cikin maƙaryata?
Ya dubi ƙasa, inda inuwarmu ta ƙanƙance
ta ɓuya a ƙarƙashin sawu.
Ya ce, ka taɓa rantse wa wani garin yana nan?
Na ce a'a.
Ya ce, mai tauye mudu a can, yana kwana lafiya?
Na ce, zuwa babi na ƙarshe dai.
Ya yi dariya har carbinsa ya motsa.
To gyara niyya, in ji shi,
kuma kada babi ya cinye maka asuba.

Ya Rabbi, Ka san abin da ban faɗa masa ba.
Na sha yin sujada kunnena na kan waya,
ina sauraron ƙarar saƙo
kamar daga nan arziki zai sauko.
Ka yafe mini.
Kai ne Ka ce kasance, ya kasance.
Ni kuwa sai na goge, na sake, na goge,
raƙumi ɗaya ya gagare ni.
In akwai alheri a wannan littafi, Ka buɗe masa ƙofa.
In babu, Ka bar mini daɗin daren nan,
Ka cire mini ƙaiƙayin jira.

Ga ladan can ya gyara murya.
Zabba'u na bakin wata rijiya,
ta leƙa, ta ga wani abu baƙi ya ɗago mata hannu.
A nan zan bar ta sai gobe.
Wasiƙa ta talatin da takwas na danna da bisimilla,
na kife wayar a kan tulin wanki,
na naɗe hannun riga, na nufi famfo.